Ƙas-ƙas ɗin da ya riƙe Asama'u a Alƙahira

Asama'u 'yar Maradi ce, kuma duk wanda ya zauna da ita a unguwar Abbasiya ta Alƙahira ya san ba ta iya barin abu rabi da rabi ba. Ko shinkafa take tsincewa sai ta ga bayan tsakuwar ƙarshe.

Digirin dakta take yi a kimiyyar fiziks. Masana sun ce akwai wani abu da ya cika sararin samaniya, ba a ganinsa, sai dai nauyinsa ya nuna yana nan. Don a kama shi, an binne na'ura a ƙarƙashin wani dutse a Turai, da ɗan ƙanƙanen lu'ulu'u a cikinta, an sanyaya shi fiye da ƙanƙara nesa ba kusa ba. Komai ya taɓa shi sai ya motsa. Bayanan ake turo wa Asama'u tana tacewa.

To, sai ga ƙananan motsi birjik, ba wanda ya san mafarinsu.

"Khalas, ya isa haka, ya Asama'u," in ji malaminta Dakta Isam. "Rubuta abin da kika gani, ki ce ba a san dalili ba. Kowa haka yake yi, kuma ba ƙarya ba ce. Ki tafi gida."

Gida kuwa ana nemanta. Mahaifinta Malam Khalilu ya kwanta ciwo, kullum tambayarsa yaushe za ta dawo.

Amma ta lura motsin yana raguwa wata bayan wata, kamar kwanon rufi da ke ƙas-ƙas in rana ta faɗi. In abin da ake nema ne, baƙo daga sama ai ba zai gaji ba. Wataƙila lu'ulu'un ne da kansa ke saki bayan sanyi ya matse shi. Ta nace a ɗumama na'urar a sake sanyayawa, a gani ko motsin zai dawo da ƙarfi. Aikin kusan shekara ne, ta sani sarai.

Ta kira gida. "Baba, sai baɗi."

Ya ce, "Gama aikinki, Ma'u. Allah ya kai mu."

Motsin ya dawo kamar yadda ta zata, ya sake raguwa. Aka yaba mata ƙwarai.

Sai dai kafin nan, tana cikin ƙaramar bas za ta unguwar Madinat Nasr, yayanta ya kira ya ce an yi jana'izar Baba da hantsi. Wallahi har yau in aka ce mata dakta, sai ta sunkuyar da kai.