Rubutun da Na Goge

A Damagaram na girma, inda ruwa mafi girma da na sani shi ne tabkin bayan unguwarmu, wanda ke ƙafewa tun rani bai yi nisa ba. Shi ya sa ranar da na gaya wa 'yan'uwana na shiga ƙungiyar masu tuƙa jirgin ruwa a Lyon, sai da suka yi dariya har da riƙe ciki. Shekaruna arba'in da biyu a lokacin, ina aiki a ɗakin awon jini na wani asibiti, ina zaune a unguwar Guillotière a saman wani shagon kayan miya. Ko iyo ban iya ba sai a shekarar. Ni kuwa halina ne, da zarar an ce ba zan iya abu ba, to an gama ɗaura mini shi.

Ƙungiyar tana bakin wani tabki a gabashin gari. Jiragen ƙanana ne, ba su da inji, zane ake ɗaga musu iska ta tura. Wadda ta koya mini tuƙi wata tsohuwa ce Bafaransa, ta haura saba'in, gajera, hannunta kaushi kamar na manomi, ga rashin haƙuri. Madam nake ce mata. In na ƙulla igiya ba daidai ba, ba ta magana, kwancewa take yi ta miƙo mini. Mijinta ya rasu shekara biyu kafin in zo, ban san shi ba. Ina ƙaunar matar nan ƙwarai, ko da yake ban taɓa gaya mata ba, don ba ta da fuskar da za a gaya mata irin wannan.

Suna da wata al'ada. A farkon bazara kowa zai kawo littafin da ya fi so ya sa a wani tsohon akwatin katako a rumfar da ake ajiye igiyoyi, kowa kuma ya ɗauki na wani. A kan ruwa ake karantawa, domin a tsakiyar bazara iska kan ɗauke cak, zane ya saki jiki, mutum ya zauna tsakiyar tabki ba gaba ba baya. Idan sanyi ya fara shigowa sai a haɗu a dogon tebur, kowa ya mayar da abin da ya ara, ya faɗi yadda ya same shi.

A bazarata ta biyu Madam ba ta sa nata a akwati ba. Hannu da hannu ta ba ni.

"Wannan shi ne nawa na kowace shekara," in ji ta. "A kan ruwa za ki karanta shi, ba a gado ba."

Da na buɗe shi a gida sai raina ya ɓaci. Littafin ya sha ruwa ya kumbura, bangonsa ya rabe, kusurwoyin shafuka duk a lanƙwashe. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gefen shafukan: an cika su da rubutun fensir, ƙanana ƙanana, da lambobi da kibiyoyi. Na ce a raina, dubi yadda masu aro suka yi wa baiwar Allah da littafi. Na ɗan gwada karanta layi ɗaya, rubutun ya fi na likitocinmu muni, na bar shi. Gaskiyar magana ban yi wani ƙoƙari ba, don na riga na yanke hukunci.

A makarantarmu ta firamare mu uku ke raba littafi ɗaya. Ƙarshen shekara malam zai bi shafi shafi, in ya ga ko ɗigon fensir sai tafin hannunka ya gaya maka. A gida kuma mahaifiyata ba ta taɓa mayar da tukunyar aro ba sai ta dirje ta da toka ta fi yadda ta zo haske. Haka aka rene ni: abin aro ana mayar da shi ya fi yadda aka karɓa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko akwai inda wannan ba ya aiki ba.

Na karanta littafin a kan ruwa kamar yadda ta ce. Labarin wani likitan ƙauye ne da ya bar aiki ya sayi ruɓaɓɓen jirgi, ya shekara bakwai yana gyara bai sa shi a ruwa ba. Na so shi sosai. Da na gama sai na sayi magogin fensir mai laushi, na zauna bakin taga ranar Lahadi uku a jere, na goge rubutun nan tas. Na miƙe kusurwoyin, na danne shi da turmina na ƙarfe har ya kwanta, na yi masa sabon bango da takarda mai kauri. Da na gama na ɗaga shi ina kallo, kaina har wani fasuwa yake yi.

Ranar taron na bari sai da aka zo kaina. Na yi bayanina a kan likitan, aka yi dariya inda ya kamata, sannan na tura mata littafin a kan tebur.

Ta buɗe. Ta juya shafi, ta juya wani, ta koma farko. Sai ta fara juyawa da sauri. Ta rufe shi a hankali, ta ce, "Na gode." Ta miƙe ta sa rigar sanyinta ta fita, ta bar shi a nan.

Mutumin da ke gefena ne ya sunkuyo ya gaya mini. Rubutun mijinta ne. Shekara talatin, duk sanda iska ta ɗauke musu a tsakiyar ruwa, wannan littafin yake karanta mata da baki, ya rubuta a gefe yadda iskar ranar take da abin da ta ce. Kowa a ƙungiyar ya sani. Saboda kowa ya sani ne ma ba wanda ya tuna ya gaya mini.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ɗauki littafin na sa a jaka. Na kira ta ba ta ɗauka ba. Na rubuta mata wasiƙa ba amsa. Asabar biyu ba ta zo tabki ba, matar da ko ruwan sama ba ya hana ta. 'Yan ƙungiyar suka ce in ƙyale ta, za ta huce da kanta. Ni ban yarda ba. Ni na ɓata abin nan da hannuna, kuma ban ga dalilin da zan zauna in jira kwanaki su gyara mini ba.

Wata safiya ina zaune da littafin a buɗe, ina kallonsa kamar zai ba ni shawara, sai rana ta shigo ta gefen taga ta kwanta a kan shafin. Na ga wasu 'yan layuka a jikin farar takardar. Ashe mutumin yana danna fensir da ƙarfi. Baƙin ya tafi, amma sawun yana nan. Na sauka na sayi ƙaramar tocila, na ja labule, na kwantar da haskenta a gefen shafi. Rubutun ya taso. Sai dai karanta shi ya gagare ni, don rabinsa gajerun alamomi ne na masu jirgi, rabin kuma hannun da sai wanda ya saba da shi.

A ƙungiyar aka ce mini mutum ɗaya ne zai iya, abokin marigayin da suka yi shekaru suna tuƙi tare. Ya koma Paris, yana zaune cikin jirginsa a wani mashigin ruwa a tsakiyar gari. Na kira shi. Labarin ya riga ni isa. Ya ce ba shi da abin da zai ce mini, ya kashe waya. Ranar Juma'a da na tashi aiki na hau jirgin ƙasa.

A Stains, can gefen Paris, na sauka wajen goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta fi shekara talatin a ƙasar. Bayan mun gama gaisuwa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar daga can na taso, na ba ta labari.

"To mi kika yi na laifi, ɗiyata?" in ji ta. "Kin gyara mata abu, ko mersi, 'yar godiyar nan tasu, ba ta iya ba? Nasaru dai sai a bar su."

"Goggo, rubutun mijinta ne. Ya rasu."

Ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Hular maigidana marigayi Alhaji tana cikin waliz ɗina na tufafi," ta ce. "Shekara tara ban wanke ta ba. Wanda ya wanke mini ita, ban san mi zan yi mishi ba." Ta ɗauki ludayin. "Ci tuwo. Gobe ki tafi wajen mutumen nan, in ya kore ki ki koma."

Ya kuwa kore ni. Dogon tsoho ne mai farin gemu, yana tsaye a kan jirginsa yana wanke bokiti, ko gayyatata hawa bai yi ba. Washegari na koma. Ban yi masa dogon bayani ba, na buɗe littafin a inuwar jakata na haska masa shafi ɗaya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce in hawo, in kula da igiyar da ke ƙafata.

Muka sauka cikin jirgin, ya toshe 'yan tagogin da tawul. Ni ke riƙe tocila, shi yana karantawa, ina rubutawa a wani sabon littafin rubutu, kowane layi da lambar shafinsa. Ƙarshen mako uku na yi ina zuwa Paris saboda wannan aikin. Hannuna ya yi tsami, idonsa ya yi ja, mun yi faɗa ya fi sau biyar a kan yadda nake karkata hasken.

"Iskar kudu, ba ƙarfi. Ta ce likitan nan sakarai ne."

"Ba iska. Ta yi barci tun shafi na biyu, na ci gaba don kada ta farka."

"Ta yi kuka a nan. Ta ce rana ce ta shiga idonta."

A wannan layin tsohon ya tsaya, ya ce zai hau sama ya duba igiya. Ni ma na ji daɗin fitarsa, don hawaye nake yi. Wannan ne abin da na zauna bakin taga ina gogewa ina jin daɗin kaina. Wasu shafukan kuma ba mu sami komai ba, inda na dirza da ƙarfi har takardar ta yi sulɓi. Waɗannan na bar musu fili a littafin rubutun.

Wata Lahadi da hantsi na hau tudun da gidan Madam yake, ban sanar da ita ba don kada ta ce a'a. Ta buɗe ƙofa, ta rame. Ta kalle ni ta kalli jakata, ta matsa gefe na shiga. Na ce mata ban zo neman ta ce ta yafe ba. Na gaya mata yadda aka rene ni, na ce wannan ba hujja ba ce, dalili ne kawai. Sannan na miƙa mata littafin rubutun.

Ta karanta shafi biyu a tsaye. Ta rufe ta miƙo mini.

"Kin sha wahala," ta ce. "Amma duk na san su. Na haddace su tun yana da rai, har waɗanda kika bar wa fili. Ba maganar na rasa ba, 'yata. Hannunsa na rasa."

Mako uku na zirga-zirga, ashe abin da take da shi na kawo mata. Mai hankali da nan zai yi sallama ya tafi. Ni na tsaya.

"Madam, ki ba ni izini in rufe tagogin nan."

Ba ta hana ni ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na rufe, ɗakin ya yi duhu da rana tsaka. Na ciro littafin na buɗe a kan teburin cin abincinta, na kwantar da tocilar a gefen shafi kamar yadda na yi sau ɗaruruwa a cikin jirgin tsohon nan, na kunna.

Ta jawo kujera ta zauna. Rubutun yana nan a farar takarda, kowane harafi da 'yar inuwarsa, da yadda yake jan wutsiyar kalma ƙasa in ya kai ƙarshen layi. Ta ɗora yatsa a kai tana bi a hankali.

"Dubi yadda ya danna a nan," ta ce. "Fushi yake yi da ni ran nan. Ni na manta da abincin rana a mota."

Ta juya shafi da kanta. Hasken ya kauce, rubutun ya ɓace, ta ɗago da sauri. Na kama hannunta na ɗora a kan tocilar, na nuna mata yadda ake kwantar da ita har ya dawo. Sau biyu ta gwada ta iya. Daga nan ba ta sake kallona ba.

Na daɗe a tsaye, sannan na ɗauki jakata na nufi ƙofa a hankali. Har na kama mariƙin sai na ji muryarta daga cikin duhun.

"Ki bar mini fitilar."