Baƙar Ƙasar Kawu

Ranar Talata, sha bakwai ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi abinsa. Ka rasu, Kawu, bayan jinyar kwana tara. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Yau ga masu yi maka dariya sun cika ƙofar gida, suna cewa an yi rashin mutumin kirki. Kunya ba ta kashe su ba. Su ne fa suka laƙaba maka Raggo don ka ƙi ƙona karan gonarka. Shekara talatin kana barin kara da ganye su ruɓe inda suka faɗi, kana bin hatsi da wake, ba ka yarda a sare maka bishiya ko ɗaya ba. Ka sha gaya mini cewa ƙasa rumbu ce, mai ɗiba ba ya zubawa wata rana zai tarar da wayam.

Ina tuna kwalabe biyun nan na bakin tagarka, ɗaya da baƙar ƙasar gonarka, ɗaya da farar ƙasar maƙwabcinka. Ka zuba musu ruwa, baƙar ta shanye ta riƙe, farar ta sake shi ya kwanta a gindi. Shekarar fari gonar maƙwabcin nan ta ƙone ƙurmus, ka kai masa hatsi har gida, ba ka tuna masa sunan da ya sa maka ba. Ni da na tuna masa.

Amma ba rashin kunyar masu dariyar ne ya fi ƙona mini rai ba. Ko mako ba ka yi a kabari ba, babban ɗanka ya kira masu tipa suka kankare saman gonar, za a kai lambun wani mai kuɗi. Na same shi tsaye yana nuna musu inda ya fi baƙi.

"Kamu ɗaya ne kawai, ƙanwata," in ji shi. "Ƙasa ai ba ta ƙarewa."

Na ce, "Yaya, kamu ɗayan nan shi ne shekara talatin ɗin."

'Yar ƙanwa ba ta da gado a gonar kawunta, sai baki, na kuwa yi amfani da shi. Ban yafe ba tukuna.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yalwata makwancinka, Ya saka maka da gonar da ba mai kankarewa. Ina yi wa matarka Inna da ƙannena 'ya'yanka ta'aziyya, Allah Ya ba mu haƙuri. Baƙar kwalbar tana wurina. Farar kuwa na aika wa Yaya, gadonsa ke nan.