Akwatin Wifi Mai Ƙaho Takwas

Shekarun baya, lokacin da aka fara jawo wayar fibir ta intanet zuwa layinmu a unguwar Biafra da ke Abidjan, ni ce ta farko da ta yi rajista a gidanmu. Gidan haya ne irin na Treichville, ƙofofi tara, famfo ɗaya a tsakar gida. Ina aikin sakatariya a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, kuma don ina wuni gaban kwamfuta, kowa ya ɗauka babu na'urar da ta fi ƙarfina. Ni ma ban taɓa musawa ba. A takardar rajistar an tambaya ko kamfani zai ba ni akwatin wifi ko ina da nawa. Na cika cewa ina da nawa, don wata abokiyar aikina ta ce na kamfani ba shi da ƙarfi.

Ana nan sai ƙanwata da ke aure a Maraɗi ta haifi 'ya mace, jikar mahaifiyata ta farko. Ciwon gwiwa ya hana Mama tafiya. Rezo kuwa, wato sabis ɗin waya, ba ya shiga ɗakinta, sai ta fito jikin famfo ta ɗaga waya sama kafin ta ga rabin fuskar mutum a kiran bidiyo. Don haɗa mana fibir ɗin, kamfani ya ba ni ranar Juma'a, suna kuma Asabar. Na ce, "Mama, a kan kujerarki za ki zauna, ki ga komai a talabijin." Kafin la'asar ta gayyaci gidan kaf shan kunu.

Ranar Alhamis na nufi Adjamé, kasuwar kayan waya. Na faɗa shagon wani dattijo ɗan Kano, na fara zuba masa Faransanci. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ki yi Hausa, Hajiya, na ga alama 'yar gida ce. Wayar fibir ɗin kai tsaye za ta shiga, ko akwai wani akwati a gabanta?"

Ban gane tambayar ba. Na ce, "Kai tsaye mana."

Ya ɗauko wani ɗan farin abu. "To ga naki. Komai a haɗe yake, ramin fibir, wifi, har wayar tebur in kina so."

Na dube shi, kamar mazubin sabulu. Wannan zan kai gida bayan duk cika bakin da na yi? Sai idona ya kai saman kanta. Wani baƙi ne jibgege mai ƙaho takwas, kamar ƙaguwar da aka kifar. Na ce shi nake so.

"Hajiya, wancan ba shi da ramin fibir. Raba wifi kawai ya iya."

A raina na ce tsohon kaya yake son liƙa min. A fili na ce, "Alhaji, da irinsu nake aiki kullum a ofis." Na ofishinmu a kulle yake cikin kabad, ko launinsa ban sani ba.

Ya ce, "To, Allah ya sa alheri. Kar dai ki yar da kwalin."

A gida an sha kallo. Mama ta shimfiɗa masa kyallen ado a kan tebur. Maƙwabciyarmu mai sayar da aceke, dambun rogon nan, ta ƙirga ƙahonin da yatsa, ta ce wannan har Makka zai kamo.

Juma'a da hantsi ma'aikacin kamfani ya zo, ya huda bango, ya shigo da wata siririyar waya mai koren kai. Ya ɗauki akwatina ya juya gaba, ya juya baya, ya leƙa ƙasansa. Ya ce da Faransanci, "Tanti, a ina zan sa?"

Na karɓe wayar, na shiga gwada ta rami bayan rami. Ya ce in yi wa Allah in bari, gilashi ne a ciki, zai karye.

Mama ta ce, "Me yake cewa?"

"Ɗan gyara ne kaɗan."

Mai aceke, da ke tsaye bakin ƙofa, ta ce, "A'a, cewa ya yi abin ba shi da ƙofa."

Mutumin ya ce in babu akwatin da ya dace yau, sai mako mai zuwa. Na jira faɗan Mama. Ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Ba komai, zan tsaya jikin famfon." Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Sannan ta juya wurinsa da guntun Faransancinta: "Ɗana, ka ci abinci?" Bai bar gidan ba sai da ya share kwanon shinkafa da miyar gyaɗa, ya kuma yi alkawarin dawowa ƙarfe biyar bayan ya gama sauran gidaje.

Na rungumi kwali na fita. Ruwa ya tsinke, motoci suka cushe a Indénié, na sauka na ƙarasa da ƙafa, takalmi a hannu. Na tarar da shago a rufe, an tafi masallaci. Na raɓe ƙarƙashin rumfa ina shirya jawabin da zai nuna laifin kamfani ne.

Alhaji ya dawo da darduma a kafaɗa. Ya dube ni, ya dubi kwalin, ya buɗe shago. Kafin in buɗe baki ya jawo leda daga ƙarƙashin tebur, ɗan farin yana ciki.

"Tun jiya na ware miki. Na ce in ba ki zo yau ba, gobe kina tafe."

Jawabina ya bi iska. Na ce, "Alhaji, wallahi ban gane tambayarka ba jiya."

Ya ce, "Na sani. Ai da kin ce haka, da kin huta da wannan ruwan."

Na iso gida biyar ta ɗan gota. Ma'aikacin yana nan, yana shan shayi, Mama tana ba shi labarin gwiwarta. Ya soka wayar, ta shiga cak. Ya kira ofishinsu ya karanta musu lambar da ke bayan akwatin. Jar fitila ta yi ta ƙiftawa, mu duka mun zuba mata ido, har ta koma kore.

Washegari da sassafe ɗakin Mama ya cika, wasu a tabarma, wasu a taga da kofin kunu. Ga Maraɗi a talabijin tar, har ƙudan da ke kan tiren goro ana gani. Liman ya yi addu'a, aka shafa, sai mijin ƙanwata ya matso da fuskarsa ya ce, "Mama, kin ji sunan? Naki aka sa mata." Ba wanda ya gaya mata tun farko. Ta rufe fuska da mayafi, ɗakin ya kaure da guɗa.

Har yau kalmar "ban gane ba" tana yi min nauyi a baki, musamman in an riga an ɗauke ni masaniya. Amma ina faɗarta, ko a gaban likita, ko a gaban makanike, kuma ban ga wanda ya raina ni a kanta ba. Yarinyar yanzu ta shiga makaranta. Ita ke danna kira da kanta, kuma in na ɗauka ko gaisuwar kirki ba na samu. "Ba ke ba," take cewa, "ba ni takwarata."