Yadda Baba Ya'u Ya Tsaya Wa Hannu Mai Ciwo

Tafin hannun hagu na Baba Ya'u ya yi kanta kamar diddigen mai yawo ba takalmi, manuninsa kuma ya karkace tun wata karaya da ba a ɗora daidai ba. In aka tambaye shi dalili sai ya ce, "Shekara ashirin da biyu ana jifana ina tarewa." Kuma gaskiya yake faɗa.

Mutumin Tasawa ne a ƙasar Nijar. Ya zo umra yana ɗan shekara talatin, ya zauna, ya yi dako a kasuwar Bab Makka ta Jidda, har Allah Ya haɗa shi da kafili, wato mai tsaya masa kan takardar zama, wani kamfanin injiniyoyi mai gidajen ma'aikata a arewacin Jidda. Aikinsa ban ruwan ciyawa. Duk Juma'a da safe Amurkawa da Filifinawan kamfanin kan taru a filin su yi besbol. Wasa ne da mutum ɗaya ke tsayawa kan ɗan tudu ya jefa ƙwallo mai tauri kamar dutse, wani ya yi ƙoƙarin dukanta da kulki, na uku ya tsuguna a bayansa da safar fata yana cafe wadda ta wuce. Wata Juma'a mai tsugunon bai zo ba. Wani Bafilifine ya hango Ya'u yana naɗe tiyo, ya kira shi, ya saka masa safar. Ƙwallon farko a ƙirji ta same shi. Ta biyu ya cafe. Daga ranar ba a sake neman wani ba.

Bai taɓa koyon dukan ƙwallo ba, bai kuma damu da wanda ya ci wasa ba. Abin da ya sani shi ne hannuwan mutane. Ɗaruruwan masu jifa sun wuce ta gabansa, ya ga waɗanda hannunsu ya daɗe, ya ga waɗanda nasu ya mutu suna tsaye a kan tudu. Da kamfanin ya mai da filin wurin ajiye motoci, sai ya koma aikin sito a Khumra, ya rataye safar a ƙusa a ɗakinsu na Kurayyat, matarsa Hadjara tana mita cewa tana tara ƙura.

Ni sunana Yazan. A Jidda aka haife ni, kakana ne ya zo daga Damagaram. Ina da shekara sha shida aka buɗe wani nadi, wato ƙungiya, na koya wa matasa besbol, shugabansa wani Basa'ude, Kaptin Mazin. Wani ya ba shi labarin tsohon mai ban ruwa, ya aika aka kira shi, aka ba shi kula da fili da cafe ƙwallo ranar zaɓen yara.

Mu arba'in da ɗaya muka je ranar, gurbin masu jifa kuwa shida ne. Ni na saba jifa a fegin da Fakistanawa ke wasan ƙwallonsu na kurket a bayan sito-sito, kowa ya san hannuna da zafi. Abin da ba wanda ya sani, ko mahaifiyata, shi ne wata huɗu ke nan gwiwar hannuna na dama tana yi mini zogi ta ciki, ƙaramin yatsana kuma yana mutuwa bayan kowane jifa mai ƙarfi.

An kawo mudarrib, wato mai horarwa, daga waje, yana tsaye da na'urar auna gudun ƙwallo. Kowane yaro jifa goma. Da na yi nawa mudarrib ya duba na'urar, ya sake dubawa, ya nuna wa Kaptin Mazin. Ba wanda ya kamo ni. Na sauko ina jin kaina a sama.

Baba Ya'u ya miƙe da ƙyar, ya cire safar, ya yafito ni. Ban san shi ba a lokacin.

"Kana jin Hausa?"

"Shwayya," na ce da Larabci, wato kaɗan-kaɗan.

"To, ɗauki galan ɗin can ka zuba mini, in wanke hannu. Da dama, ba da hagu ba."

Na ɗaga galan ɗin, na karkata shi. Hannuna ya hau rawa, ruwan ya zube masa a ƙafa. Bai dubi ruwan ba, fuskata yake kallo.

"Tun yaushe?"

"Ba komai, ya ammi, gajiya ce," na ce, ina kiransa baffa da Larabci.

"Bayan jifa na huɗu ka ɓoye hannu a bayanka kana yarfe yatsu. Daga na shida gwiwarka ta sauka ƙasa da kafaɗa. Na'ura ba ta ganin wannan, ni ina gani. Tun yaushe, ɗana?"

Na faɗa masa. Sannan na roƙe shi da Allah da Annabi kada ya gaya wa kowa. Ya ce ba zai ci amanar mutanen da suka ɗauke shi aiki ba, kuma in ya yi shiru, kafin Ramadan hannun ya gama lalacewa. Na juya masa baya, na koma cikin yara. A raina na ce wannan tsohon ya kashe ni.

Ashe ba ni kaɗai ya gano ba. Akwai wani dogon yaro, Zaharadden, iyayensa 'yan Chadi, wanda ya faɗi daga babur watanni kafin nan, kafaɗarsa ba ta koma daidai ba. Aka kira mu biyu ƙarƙashin rumfa, muna tsaye ana magana a kanmu.

Kaptin Mazin ya ce, "Khalas, an gama. Ba ma ɗaukar mai ciwo. In na ba su gurbi biyu, lafiyayyu biyu zan kora gida, kuma wataƙila waɗannan ba za su taɓa jefa mini ƙwallo ɗaya a wasa ba."

Baba Ya'u ya amsa da Larabcinsa na 'yan dako. Ya ce lafiyayyun nan ya cafe ƙwallonsu, yara ne nagari, amma inda suke yau nan za a same su bayan shekara uku. Ya ce Zaharadden yana jifa da ƙafa da ƙugu, abin da wasu ke shekara biyar ba su koya ba, kafaɗar kawai ke son hutu. Ya nuna ni ya ce irin hannun nan sau biyu ya taɓa gani a rayuwarsa. Ya ce a kai mu asibiti a yi hoto, in jijiya ba ta tsinke ba a ɗauke mu, da sharaɗin ba za mu taɓa ƙwallo ba sai ya yarda.

"In kuma ba su warke ba?"

"Zai iya yiwuwa. Ban ce maka tabbas ba, ya Kaptin. Na ce maka sun isa a gwada."

Kaptin Mazin ya dubi takardarsa, ya ce, "A wuyanka."

Hoto ya nuna jijiyata ta tsage amma ba ta rabu ba, ta Zaharadden ma ba ta tsinke ba. Aka ɗauke mu. Mahaifin ɗaya daga cikin yaran da aka bari ya zo washegari ya yi faɗa a bakin ƙofa, ya ce an fifita guragu a kan ɗansa. Baba Ya'u ya fita ya saurare shi har ya gama, ya ba shi haƙuri, bai musa cewa an ƙware yaron ba.

Da la'asar ɗin ranar ya zo gidanmu. Mahaifiyata Surayya ta fi ni Hausa nesa ba kusa ba, suka zauna a falo ya yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce, "Malam, ni ban san wasan nan ba. Hannun da zai ci abinci da shi nake ji." Ya ce, "Hajiya, shi nake tsaro. In na ga abin zai taɓa wannan, ni da kaina zan koro miki shi."

Wata bakwai ba mu jefa ko tsakuwa ba. Sauran yara suna wasa, mu muna zagaye fili da gudu. Ya yanko tsohon tub ɗin keke ya ɗaure a shinge muna ja a hankali. Ya cika bokiti da shinkafa muna cusa hannu muna murzawa har yatsu su gaji. Abin da likitan nadi ya rubuta yana bi, ya ƙara da nasa. Kalmarsa kullum ita ce ta Faransancin garinsu: "Dusma, dusma," wato a hankali. Kuma ba ya yi mana magana sai da Hausa. In na amsa da Larabci sai ya ce kunnensa na hagu ne ke jin Larabci, shi kuma yana hutu. Yawancin Hausar da nake rubutu da ita yanzu a bakin shingen nan na tsince ta.

Zaharadden mai haƙuri ne. Ni ba ni da shi. Daga wata na shida na fara damunsa: zogi ya tafi, ya ammi, yatsa ya farka, ga gasa tana zuwa. Kullum sai na yi masa magiya. Likita ya ce ana iya gwadawa. Baba Ya'u ya so a ƙara wata biyu, amma a ƙarshen wata na bakwai ya tsuguna, ya buga safarsa, ya ce, "Yalla, jefo."

Wasa biyar na yi, kuma ba na jin zan manta da ko ɗaya. A na uku mutum tara suka tsaya gabana da kulki, ba wanda ya taɓa ƙwallon. A na shida, jifa na goma sha ɗaya, na ji wani abu ya ce ɗas a gwiwar hannuna, kamar an tsinke igiyar takalmi. Ƙwallon ta faɗi a tsakiyar hanya. Kafin kowa ya gane abin da ya faru Baba Ya'u ya taso daga benci yana ɗingishi.

Aka yi mini aiki. Likita ya ce hannun zai yi komai na rayuwa, amma jifa mai ƙarfi ya ƙare. Kaptin Mazin bai kori Baba Ya'u ba, amma ya cire shi daga zaɓen yara na shekara guda, ya mai da shi kan tiyo da yankan ciyawa. Na ji an ce a gaban mutane ya tuna masa da maganar wuya, shi kuma ya ce, "Na ɗauka."

Baba Ya'u ya zo asibiti da kwanon dambu daga Hadjara. Ya gaishe da mahaifiyata, ya ce mata, "Hajiya, na yi miki alkawari ban cika ba." Ta ce, "Ga hannu nan a jikinsa, Malam. Zauna." Ya zauna kusa da gado, ya ce da ni, "Ɗaukar ka ba kuskure ba ce. Kuskurena wata biyun nan ne. Ka roƙa, na ji tausayi, tausayin ya cuce ka." Na ce ni ne na matsa. Ya ce yaro aikinsa matsawa, babba aikinsa ƙi.

Na yi wata uku ban leƙa filin ba. Shi ne ya riƙa kirana a waya, wai tiyon ya yi masa nauyi. Da na je sai ya zaunar da ni a bayan raga inda yara ke jifa, ya ce, "Kada ka kalli ƙwallo. Kalli ƙafar gaba. Yanzu kalli fuskarsa bayan ya saki." Haka muka yi ta yi, yana tambaya ina kuskurewa. Rannan na ce masa wani yaro yana ɗage kafaɗa kafin ya jefa, kamar mai gudun wani abu. Ya sa yaron ya ƙara jifa uku, sannan ya ce, "Je ka gaya wa likita. Kai ka gani, kai za ka faɗa." Aka duba, aka samu kumburi tun bai yi nisa ba. Sati shida yaron ya huta ya dawo.

Zaharadden ya warke sarai. Shi ne babban mai jifan nadin yanzu, an ma kai shi horo waje sau biyu. Bayan nasararsa ta farko Kaptin Mazin ya zo har inda Baba Ya'u ke ban ruwa ya ce ya dawo zaɓe. Abu na farko da Baba Ya'u ya nema shi ne a kira yaron nan da mahaifinsa ya yi faɗa a sake gwada shi. Aka kira, ya zo, aka ɗauke shi mai tsaron bayan fili, kuma yana nan har yau.

Ni ina shekara ta biyu a ma'ahad, wato kwaleji, ina karatun gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Malamanmu suna da sunan Latin ga kowace jijiya, kuma sau da yawa in suna bayani sai in ga abin da aka riga aka nuna mini ne da yatsa karkatacce. Na kan yi tunanin inda zan kasance da ya yi shiru ranar nan, ko da ya faɗa ya bar su suka kore ni. Ko ta wace hanya hannun zai tafi. Ta hanyarsa dai na samu wasa biyar, na samu sana'a, na samu harshen kakana. Alhamdu lillahi, kuma Allah Ya saka wa Baba Ya'u.

Bana ya cika sittin da biyu, gwiwoyinsa sun ƙi tsuguno. Ya yanke shawarar komawa gida bayan Babbar Salla, ya gina ɗaki biyu a Tasawa. Makon jiya na je taya su ɗaure kaya. Na tarar da shi da Hadjara suna jayayya a kan sikeli: ya cusa safa uku da tsofaffin ƙwallaye talatin a cikin jaka, ita kuma tana cewa nauyin dabino da turaren 'yan'uwanta ya cinye. Ya ce akwai fage a bayan makarantar garinsu, kuma yaran da ke jifan kanya da dutse ba za a rasa mai hannu a cikinsu ba. Ta ce to su jefa kanyar. A ƙarshe aka tsaya a ƙwallo ashirin, goman da suka rage ya zuba mini a leda.