Turaren Ɗakin Inna

Har yau ba na son ƙamshin turaren wuta. In maƙwabciya ta turara ɗakinta sai in tuna gidanmu na Ƙofar Marusa, shekarar da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula.

Damina ce. Maza na zaure suna gardamar jam'iyya, mu kuwa a cikin gida abin da ya dame mu daban. Inna ta haifi ƙanena da ƙyar, tun daga nan ta kasa riƙe bayan gida, sai dai ta ji shi a zane. Kullum da garwashi da turare a ɗakinta. Kaka, uwar Baba, ta ware mata kwano, ta hana ta taɓa tukunya. "Ɗana ba ya cin tuwon mai zawo," in ji ta, da ƙarfi don a ji.

Da za a asibiti, Kaka ce 'yar rakiya. Kun san mace ba ta buɗe baki gaban surukarta, balle a kan irin wannan lalura. Malamar asibiti ta yi ta zuba bayani, Inna kai a sunkuye tana "to, to", ba abin da ya zauna mata. A gida Kaka ta ce ai ita ta ji komai: a rage mata ruwa, a ƙara yajin jego. Abu ya ƙara lalacewa. Da kunnena na ji tana gaya wa Baba in an yi arba'in a maida Inna gidansu, kada ta dawo.

Ranar komawa ni na goya jaririn. Wata malama muka tarar, dattijuwa mai kaushin baki. Ta dubi Kaka.

"Hajiya, ke ce maras lafiyar?"

"Ɗiyata ce."

"To ga benci can waje."

Kaka ta fita tana tsaki. Malama ta yi bayaninta, Inna ta ce to.

"Ban son 'to'. Maido mani abin da na ce."

Inna ta kasa maidowa, sai hawaye. Malamar ba ta lallashe ta ba. Ta sake farawa ɗaya bayan ɗaya, kowace shawara tana rataya ta ga abin da Inna ba ta mantawa. In ta sallame salla, kafin ta naɗe tabarma, ta matse ƙasanta kamar mai riƙe iska, ta saki, ta sake. In ta sha kokon safe ta zaga bayi ko ba ta ji. Ta sha ruwa, ta ci ganye, yaji kuwa ta bar wa mai shi. Ba ta sallame mu ba sai da Inna ta jero su da bakinta.

Kaka ta ce asibiti ya koya wa Inna fitsara. Amma kafin lokacin girbi ya zo, garwashin ɗakin ya mutu, Baba kuma bai sake ta da zancen gidansu ba. Ita dai tsohuwa har ta rasu ba ta ci tuwon Inna ba.

Bana soja sun sake miƙa mulki, ni ma na haihu, jiya kuma na ga abin da na gani a zanena. Surukata har ta ce gobe ita za ta raka ni asibiti. Na aika wa Inna, ta aiko da magana ɗaya: a bakin ƙofa zan bar surukar tawa. Tun safe nake bitar yadda zan faɗa mata. Turare dai ban saya ba.