Zaren Da Ya Fito Daga Jikin Mijina

Ni 'yar Toranke ce da aure ya kai Kademi. A shekarun da fam ke komawa naira ba ni da wata sana'a sai kaɗi, da na sauke tuwo sai in ɗauki mazari. Zarena har daga Gaya masaƙa ke aiko a saya, ina kuwa ji da kaina a kan haka, ba zan ɓoye ba. Maigidana manomi ne, mutum mai kunya har ta yi masa yawa. Ya daɗe yana fama da ƙaba, in ya sunkuya noma sai ta sauko masa, har wata kaka wansa ya kai shi wani asibiti a birni aka yi masa aiki. Da ya dawo na tambaye shi abin da likita ya ce. Ya ce tafinta ya faɗa masa an raga masa, wato ba a yanke shi da yawa ba. Muka yi hamdala.

An yi shekaru lafiya lau, sai fitsari ya fara yi masa zafi. Ya ɓoye. Ni ce mai wanki, ni na fara ganin jini a wandonsa, da na yi magana ya ce zafin rana ne. Aka sha sabara, aka sha jar kanwa, aka sha rubutu, mutum sai ramewa yake yi kamar kara. Wata safiya ya fito daga bayan gida riƙe da wani guntun zare a kan ganye, ya ce a fitsarinsa ya fito. Tsautsayi ya sa yayarsa ta zo dubiya a ranar. Ta dubi zaren, ta dubi mazarina da ke cikin ƙwarya, ta yi sallama ta tafi. Kafin gari ya sake wayewa duk unguwa ta ji wai na yi wa mijina sammu da zare don in mallake shi.

Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. Na ce su duba da kyau, zaren nan santsi gare shi da tauri, auduga ba ta yin haka. Aka ce ai dole in san halinsa tunda ni na ƙulla. Masaƙa suka daina aikowa, matan da muke daka tare suka ɗauke ƙafa. Abin da ya fi ci mini rai, shi maigidan bai taɓa cewa ni ce ba, amma kuma bai buɗe baki ya ce ba ni ba ce. Ya dai kwashe tabarmarsa ya koma zaure. Na tattara na koma gidanmu da goyo a bayana.

Sai da fitsarin ya tsaya masa cak, mara ta kumbura, sannan wansa ya sa shi a mota aka koma birni, aka sake buɗe shi. Abin da aka ciro daga mafitsararsa wata 'yar raga ce ta roba, duk tsakuwa ta daskare a jikinta. Likita ya yi wa wan bayani cewa ita aka shimfiɗa tun aikin farko don ta tare ƙabar, a hankali ta ci hanya ta shiga mafitsara, kuma akan samu haka jefi-jefi. Zaren nan ma daga jikinta ya warware. Ashe abin da tafinta ya faɗa tun farko shi ne an sa masa raga. Shi kuwa, cikin magagin allurar barci, ya ji an raga masa.

Wan da kansa ya zo biko, da ragar a cikin kwalba yana nuna wa mahaifina. Na koma. Maigidan ya roƙe ni gafara yana hawaye, na yafe masa, don na ga wahalar da ya sha. Yayarsa ma ta zo ta ce sharrin Shaiɗan ne. Amma waɗanda suka ji labarin sammu sun fi waɗanda suka ga kwalbar yawa.

Shi ya sa nake roƙon masu karatu, duk wanda aka yi wa aiki ya sa a maimaita masa abin da aka bari a jikinsa, da wani nasa a gefe yana ji. Wanda ya ga jini a fitsari ya ajiye kunya ya koma asibiti. Ku kuma ji tsoron Allah kafin ku laƙaba wa mace sunan mai sammu. Maigidana ya rasu muna zaune lafiya, na tsufa, na yi jikoki, amma har yau a Kademi akwai gidan da in na aika da tuwo, kaji ake zuba wa.