Hajiya Sai-An-Buga da Ofishin Dokokin Jiha

Haihuwa da karatu

An haifi marigayiyar da ma'aikata suka fi sani da laƙabin Sai-An-Buga a shekarar 1951, a wani ƙaramin gari na bakin layin dogo. Mahaifinta tela ne, mahaifiyarta kuwa ungozoma. Ta kammala firamare a 1964, sakandare a 1969, sannan ta yi kwas ɗin tafireta da adana takardu.

Kama aiki da aure

A 1972 aka ɗauke ta mai gyaran kurakuran ɗab'i a ofishin buga dokoki da ƙa'idojin gwamnatin jiha, wanda ɗaki biyu ne kacal a ƙasan bene, ɗaya na inji, ɗaya na kabad. A wancan zamani kwafi kaɗan ake bugawa, a raba wa manyan ofisoshi, a kulle ragowar, talaka bai san da doka ba sai ranar da ta hau kansa. A 1975 ta auri wani direban jirgin ƙasa, mutum mai yawan barkwanci.

Shugabanci da jarrabawa

Ta zama shugabar ofishin a 1986. A 1989 aka rufe gidajen burodi da dama bisa wata ƙa'ida da ba a riga an buga ba. Da masu burodin suka kai ƙara kotu, wani babban jami'i ya sauko ofishinta da kansa, ya nemi ta buga ƙa'idar da kwanan watan baya.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "doka ba ta kama mutum sai an buga. Ranar da na buga, ita zan rubuta."

"Ba kya tunanin yaranki?"

"Su nake tunani."

Daga nan laƙabin ya bi ta. Kotu ta buɗe gidajen burodin, ita kuwa aka tura ta ɗakin tsofaffin fayiloli, ta shekara huɗu ba ƙarin girma. Maigidanta yakan ce an naɗa ta sarauniyar gara.

Dawowa da ritaya

Da aka mayar da ita a 1993, ta kwashe kabad ɗin ɗaki na biyu, ta zuba benci, ta mai da shi ɗakin karatu na kowa da kowa. Ta sa ana fassara kowace sabuwar ƙa'ida, a manna a allon ƙofa, a karanta a rediyo, wanda bai iya karatu ba kuma a karanta masa kyauta. A 2005 ta ɗora dokokin a intanet, ta yi ritaya a 2007.

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa a 2019 bayan gajeriyar jinya, tana da shekara sittin da takwas. Da labari ya iso ɗakin karatun, mutanen da ke zaune kan benci, waɗanda akasarinsu ba su taɓa ganinta ba, suka ajiye takardunsu suka bi ma'aikata zuwa jana'iza. An binne ta da la'asar kusa da kabarin maigidanta. Ta bar 'ya'ya huɗu: babbarsu lauya, mai bi mata makaniki, ta uku malamar asibiti, sai auta malamin makaranta, da jikoki goma sha ɗaya. Allah Ya jiƙanta, Ya kyautata makwanci.